Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wakilan Jihar New York a Majalisar Dokokin Amurka

Masu girma,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku sannu da ɗawainiyar jama'a. Gaisuwa ta musamman ga Sanata Chuck Schumer da Sanata Kirsten Gillibrand, da Hakeem Jeffries, jagoran marasa rinjaye a Majalisar Wakilai, da sauran takwarorinsa da suka cika 26 ɗin da jiharmu ta tura Washington, na jam'iyyar Democrat da na Republican baki ɗaya.

Ina magana ne da yawun Hausawa mazauna birnin New York, galibinmu a Bronx da Harlem. Asalinmu Ghana ne da Nijar da Nijeriya da Togo, amma mun ɗaga hannu mun yi rantsuwar zama 'yan ƙasa, kuma a mazaɓunku muke kaɗa ƙuri'a. A cikinmu akwai direbobin tasi, masu kula da tsofaffi a gidajensu, masu kitso, masu gadi, malaman jinya da ɗalibai. Ni sana'ata cike wa mutane takardun haraji, don haka duk shekara kafin 15 ga Afrilu ina gani da idona abin da kowannensu yake zubawa a baitulmalin ƙasar nan daga guminsa. Ba mu da ƙungiya mai ofis a Washington. A hirar da muke yi bayan sallar Juma'a ne aka ɗora mini nauyin rubuta wannan takarda, kuma na rubuta ta da Hausa domin masu maganar su fara jin ta, 'ya'yanmu kuwa za su iso muku da ita cikin Turanci.

Abin da ya hana mu ci gaba da yin shiru a ƙofar gidanmu ya faru, a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Manhattan. Ranar 12 ga Satumban 2025 Babban Zauren majalisar ya kaɗa ƙuri'a a kan wata takarda da Faransa da Saudiyya suka jagoranci tsarawa, wadda ma sunan birninmu ta ci, Sanarwar New York. Takardar ta yi tir da harin Hamas na 7 ga Oktoba, ta nemi Hamas ta saki waɗanda ta yi garkuwa da su, ta miƙa makamanta, ta tsame hannunta daga mulkin Gaza, sannan a kama hanyar kafa ƙasashe biyu, Isra'ila da Falasɗinu, bisa matakai masu wa'adi. Kusan duk abin da shugabannin Amurka suka fi shekara 20 suna cewa shi suke so ke nan. Ƙasashe 142 suka amince, 10 suka ƙi, kuma ƙasarmu tana cikin waɗanda suka ƙi. Makonni biyu kafin haka Ma'aikatar Harkokin Waje ta hana Shugaba Mahmud Abbas da jami'an Falasɗinu kimanin 80 bizar halartar taron shekara, sai ta bidiyo ya yi jawabi, alhali yarjejeniyar 1947 da ta ba Amurka masaukin majalisar ta ɗora mata barin wakilai su iso. Mun sani fadar White House ce ta yanke waɗannan shawarwari. To amma lalitar gwamnati a hannunku take, doka ku ke yin ta, ikon kiran minista ya zo ya amsa tambayoyi naku ne, kuma daga mafi yawanku ba mu ji ko tari ba.

Bari mu faɗi matsayinmu da bakinmu kafin wani ya ara ya ci mana albasa. Kashe mutane kimanin 1,200 da aka yi a Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, akasarinsu farar hula, da kwashe wasu kimanin 250 zuwa Gaza, ta'asa ce. Addininmu bai yarda da ita ba, mu ma ba mu yarda ba. Ba kuma muna wanke hukumar Falasɗinu ta Ramallah ba ne. Rabon da a yi zaɓen shugaba a can tun 2005, na majalisa tun 2006, kuma mu da muka baro ƙasashen da aka sha fama da masu maƙalewa a kan kujera mun san ɓarnar da hakan ke yi wa al'umma. Bayahuden Tel Aviv yana da haƙƙin ya kwanta barci babu fargaba. Bafalasɗinen Nablus ma yana da wannan haƙƙi, kuma nasa ne aka daɗe ana ɗagawa zuwa gobe.

Ƙorafinmu na farko, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne tufka da warwara. Lokacin da yaƙin Gaza ya yi tsanani, da yawanmu sun buga waya ofisoshinku ko sun aika saƙo. Wani dattijo direban tasi, haifaffen Zangon Kumasi, ya kawo mini amsar da aka turo masa daga ofishin wani wakili don in karanta masa. Takarda ce mai ladabi, ga tambarin majalisa a samanta, an gode masa da ya tuntuɓa, a ƙarshe aka ce mai girma wakili yana nan daram a kan goyon bayan kafa ƙasashe biyu da za su zauna da juna lafiya. Na gama fassara masa, ya gyara hularsa, ya ce: "To, Malam, ita ta biyun a ina za a kafa ta?" Wannan tambayar muke miƙo muku, domin ta fi ƙarfinmu.

Alkawarin ya tsufa. A farfajiyar fadar White House Yitzhak Rabin da Yasser Arafat suka yi musabaha ranar 13 ga Satumban 1993. A watan Yunin 2002 George W. Bush ya fito fili ya ce yana son ganin ƙasashe biyu. Aka yi taron Annapolis a 2007, sakataren harkokin waje John Kerry ya yi ta zirga-zirga daga 2013 har tattaunawar ta ruguje a Afrilun 2014. Majalisar Wakilai ma ta zartar da ƙudirin goyon bayan ƙasashe biyu a Disambar 2019, da ƙuri'a 226 a kan 183. Duk wannan a baki ne da takarda. A ƙasa kuwa, lokacin waccan musabaha ta 1993 Yahudawa 'yan kama wuri zauna a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan ba su wuce kimanin 110,000 ba. Yau sun haura 500,000, ban da wasu fiye da 200,000 a gabashin Birnin Ƙudus. Yankin da yarjejeniyar 1995 ta bar wa Isra'ila riƙon wucin gadi, wanda ya kai kashi 60 cikin 100 na Gaɓar Yamma, har yau yana hannunta, kuma a nan ne Bafalasɗine ke neman izinin gina ɗaki a gonar ubansa a hana shi, in ya gina a rushe.

Ku dubi kwanaki bakwai kawai na watan Yulin 2024. Ranar 18 majalisar Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a, 68 a kan 9, cewa ba ta yarda a kafa ƙasar Falasɗinu ba. Ranar 19 Kotun Duniya ta ba da ra'ayinta cewa mamayar yankunan Falasɗinawa ta saɓa wa doka. Ranar 24 Benjamin Netanyahu ya tsaya a zaurenku, aka yi ta miƙewa ana tafa masa. Watanni uku kafin nan, ranar 18 ga Afrilu, gwamnatin Joe Biden, wadda ba ta gajiya da ambaton ƙasashe biyu, ta hau kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu don hana Falasɗinu cikakken wakilci, bayan ƙasashe 12 daga cikin 15 sun amince.

Sai kuma batun filin da ake kira E1, tsakanin Ƙudus da matsugunin Ma'ale Adumim. Shugabannin Amurka na jam'iyyun biyu sun yi shekaru suna taka wa Isra'ila birki a kansa, domin sun san in aka gina shi an raba arewacin Gaɓar Yamma da kudancinta, an kuma yanke gabashin Ƙudus daga sauran garuruwan Falasɗinawa. A watan Agustan 2025 aka amince da gina gidaje kimanin 3,400 a wurin. Ministan kuɗi Bezalel Smotrich bai ɓoye ba, ya ce manufar ita ce binne maganar ƙasar Falasɗinu. Netanyahu da kansa ya je Ma'ale Adumim ya sa hannu, ya ce ba za a taɓa kafa ta ba. Washington ba ta hana ba. Abin ya yi kama da alƙalin da mutum biyu suka kawo masa rigimar fegi, ya ce su yi haƙuri za a raba, sai ɗaya ya shiga aza harsashi yana ɗora bulo, alƙali yana gani, kai har kuɗin siminti daga aljihunsa suke fitowa, amma duk lokacin da ɗayan ya dawo kotu sai a ce masa maganar rabo tana nan.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafi na biyu, wanda ya shafi sana'ata kai tsaye: kuɗin. Yarjejeniyar da gwamnatin Barack Obama ta ƙulla a 2016 ta tanadi dala biliyan 38 na tallafin soja a cikin shekara 10, daga 2019 zuwa 2028, wato biliyan 3.8 duk shekara. A Afrilun 2024 kun ƙara wasu biliyoyin na gaggawa a kai. Ba mu ce kada a taimaki ƙawa ta kare kanta daga rokoki ba. Muna cewa ne kuna da dokokin da ku da kanku kuka rubuta, kun ajiye su suna shan ƙura. Akwai dokar Leahy, wadda ta hana ba da tallafi ga duk wata rundunar da aka samu sahihin bayani cewa ta tafka take haƙƙin ɗan Adam. Akwai sashe na 620I na dokar tallafa wa ƙasashen waje, wanda ya hana ba da makamai ga ƙasar da ke tare hanyar kayan agajin Amurka. Daga farkon Maris zuwa tsakiyar Mayun 2025 an rufe Gaza ruf, ba gari ba magani. Ranar 22 ga Agusta hukumar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogaro da ita wajen auna ƙarancin abinci ta tabbatar da cewa yunwa ta kama birnin Gaza da kewayensa. Kafin a tsagaita wuta a watan Oktoba, waɗanda aka kashe sun haura 67,000 a ƙididdigar ma'aikatar lafiyar Gaza. In duk wannan bai isa a buɗe waɗannan dokoki a karanta ba, to don wace rana aka rubuta su?

Ana yawan ce mana sa wa Isra'ila sharaɗi abu ne da ba a taɓa yi ba. An yi. Dwight Eisenhower ya matsa mata ta janye daga Sinai a 1957. Ronald Reagan ya dakatar da ba ta bama-bamai masu 'ya'ya a 1982 saboda yadda aka yi amfani da su a Labanon. George Bush uba ya jinkirta lamunin bashin dala biliyan 10 a 1991 a kan batun matsugunai. Dukkansu 'yan Republican ne, kuma ba wanda ya ce sun daina zama aminan Isra'ila.

Ranka ya daɗe Sanata Schumer, a nan muna da magana da kai musamman. Ranar 14 ga Maris na 2024 ka tsaya a zauren Majalisar Dattawa, kai da kake Bayahude mafi girman muƙami da aka taɓa zaɓa a ƙasar nan, ka lissafa Netanyahu cikin masu tare hanyar zaman lafiya tare da Hamas da Abbas da masu tsattsauran ra'ayi a gwamnatinsa, ka nemi a sake zaɓe a Isra'ila, ka ce in aka ci gaba a haka dole Amurka ta yi amfani da ƙarfin faɗa a jinta. Mun ji daɗin wannan jawabi, mun san ba da sauƙi ka yi shi ba. Amma ranar 30 ga Yulin 2025, da Sanata Bernie Sanders ya kawo ƙudirin hana sayar da wasu bindigogi, sanatoci 27 suka goyi baya, fiye da rabin na ɓangarenka, kai ba ka cikinsu. Muna son jin wane ƙarfin faɗa a ji kake nufi in ba wannan ba.

Akwai wata ƙofa kuma da ban taɓa jin wani daga cikinku ya yi maganarta da ƙarfi ba, ni kuwa a kan teburina nake ganin yadda take aiki. Wanda ya ba ƙungiyar agaji mai rajista gudummawa yana iya cire kuɗin daga abin da za a yanka masa haraji a kai. Wasu ƙungiyoyi masu irin wannan rajista, har da waɗanda ke nan jiharmu, suna tara kuɗi suna aikawa matsugunan Gaɓar Yamma. Wato gwamnati tana yafe haraji a kan kuɗin da ake gina abin da ita kanta ta yi shekaru tana kira cikas ga zaman lafiya, giɓin kuma mai gadi da mai kitso ne ke cike shi.

Ƙorafi na uku tsoro ne, kuma shi ne ya shigo mana har cikin ɗaka. Ranar 8 ga Maris na 2025 jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil, ɗan gwagwarmayar goyon bayan Falasɗinawa a jami'ar Columbia, a gidansa a nan Manhattan, yana da takardar izinin zama ta dindindin, ba a tuhume shi da aikata wani laifi ba, aka kai shi Louisiana aka tsare fiye da wata uku, har matarsa ta haihu ba ya nan. A watan dai aka tare wata ɗaliba 'yar Turkiyya a kan titi a Massachusetts, jami'ai fuska a rufe, kuma abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani sharhi a kan Gaza da ta sa hannu a jaridar makaranta. Ba sai kun yarda da ra'ayin waɗannan mutane ba kafin ku ga haɗarin. A unguwarmu, inda gida guda za ka samu uba ɗan ƙasa, uwa mai izinin zama, ƙane kuma ɗalibi mai biza, saƙon ya isa tun kafin a fassara shi. Wata baiwar Allah da ta zo in cike mata takardu ta miƙo mini wayarta hannunta na rawa, tana roƙo in nuna mata yadda za ta goge wani bidiyon yaran Gaza da 'yar uwarta ta turo mata, saboda tana jiran ranar da za a kira ta ganawar zama 'yar ƙasa. Ba ta taɓa zuwa zanga-zanga ba. Iyaye suna kiran 'ya'yansu da ke jami'a suna haɗa su da Allah kada su tsaya ko kusa da inda ake taro. Mun haddace tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa, a cikinsu akwai wadda amsarta ita ce 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma da gaske muka ɗauke ta.

Ku ma a cikin zaurenku ba ku tsira ba. An tsawata wa Rashida Tlaib a hukumance a Nuwamban 2023, ita kaɗai ce Bafalasɗiniya a cikinku. A mazaɓa ta 16, wadda ta ɗebi wani yanki na Bronx, asusun siyasa na ƙungiyar AIPAC, mai kare muradun Isra'ila a siyasar Amurka, ya kashe kusan dala miliyan 15 don kayar da Jamaal Bowman a zaɓen fid da gwani na Yunin 2024. Ba mu ce Bowman ba shi da nasa kurakuran ba, masu zaɓe kuma suna da ikon canja wakili. Amma duk ɗan majalisar da ya ga wannan kuɗi ya san abin da ake gaya masa, mu ma mun sani.

Ba za mu yi maganar tsoro mu manta da na maƙwabtanmu Yahudawa ba, domin da yawa daga matanmu a gidajensu suke aiki. Wata 'yar uwarmu tana kula da wata tsohuwa Bayahudiya a Riverdale, tana yi mata wanka, tana ba ta magani, tana raka ta wurin ibada inda yanzu ɗan sanda ke tsaye a ƙofa. Ta ba ni labarin yadda tsohuwar ta liƙa hotunan waɗanda aka yi garkuwa da su a jikin firij, da yadda suka zauna tare gaban talabijin suna kallon Gaza, kowace tana share hawayenta, tsohuwar tana cewa ita tun zamanin Rabin take jiran a raba ƙasar nan kowa ya huta. An harbe ma'aikata biyu na ofishin jakadancin Isra'ila a Washington a Mayun 2025, an watsa wuta kan masu tattakin tunawa da waɗanda aka yi garkuwa da su a Boulder a farkon Yuni. Haka kuma an daɓa wa yaro Bafalasɗine ɗan shekara 6 wuƙa har lahira a Illinois a Oktoban 2023, an harbi ɗalibai Falasɗinawa uku a Vermont wata guda bayan haka. Ƙin jinin Yahudawa gaskiya ne, ƙin jinin Musulmi da Larabawa gaskiya ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki sukar gwamnatin wata ƙasa a lulluɓe ta da sunan ƙin jinin wani addini, alhali cikin masu sukar akwai dubban Yahudawan birnin nan.

Na huɗu gajere ne. An harbe 'yar jarida Shireen Abu Akleh a Jenin a Mayun 2022, an harbe wata matashiya a Beita a Satumban 2024, an lakaɗa wa wani saurayi ɗan Florida duka har ya mutu a Sinjil a Yulin 2025, duk a Gaɓar Yamma. Dukkansu 'yan ƙasar Amurka ne, fasfo ɗinsu irin namu. Takunkumin da Biden ya ƙaƙaba wa 'yan kama wuri zauna masu kai hare-hare a Fabrairun 2024, Donald Trump ya soke shi ranar da ya koma mulki.

Ƙorafi na ƙarshe ya shafi yadda ake tafiyar da muhawarar kanta. Jam'iyyar Republican ta cire maganar ƙasashe biyu daga kundin manufofinta tun 2016. A Fabrairun 2025 Shugaba Trump ya yi maganar Amurka ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta, a watan Yuni jakadansa a Isra'ila, Mike Huckabee, ya nuna cewa kafa ƙasar Falasɗinu ba ya cikin abin da Amurka ta sa a gaba, sai ga shi a Nuwamba ita dai gwamnatin ta kai wa Kwamitin Sulhu ƙudiri mai lamba 2803 wanda ya ambaci yiwuwar buɗe hanya zuwa ga ƙasar. Jam'iyyar Democrat ta riƙe maganar a kundinta, amma a babban taronta na Chicago a 2024 ba ta bar Bafalasɗine ko ɗaya ya hau mumbari ba, bayan mutum fiye da 100,000 a Michigan sun yi mata hannunka mai sanda a zaɓen fid da gwani. Wasu matasanmu ma sun yanke ƙauna, suna cewa a bar maganar rabo, a yi ƙasa ɗaya kowa da ƙuri'arsa. Mu dattawa har yanzu muna ganin ƙasashe biyu ya fi kusa da abin da ɓangarorin za su iya ɗauka. Amma wanda ya ce ba za a kafa ƙasar Falasɗinu ba, wajibi ne a tsare shi ya ƙarasa maganarsa. Falasɗinawa kimanin miliyan 3 a Gaɓar Yamma da miliyan 2 a Gaza, me za a yi da su? Za a ba su ƙuri'a a Isra'ila? Za su dawwama ana gurfanar da su a kotun soja alhali maƙwabcinsu na matsuguni yana zuwa kotun farar hula? Ko korar su za a yi? Ƙasar da ta yi dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta 1965 bayan jinin da aka zubar a Selma bai kamata ta kasa yin wannan tambaya ba.

Jama'a sun riga ku yin gaba. A binciken jin ra'ayin jama'a na Gallup na 2025, kashi 55 cikin 100 na Amurkawa suna goyon bayan kafa ƙasar Falasɗinu. Ƙasashe 157 daga cikin 193 sun amince da ita, ciki har da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Faransa da suka bi sahu a watan Satumba. Mu kuma Ƙudus ba baƙon wuri ba ne a wurinmu. A jikin ɗaya daga cikin ƙofofin Masallacin Al-Aƙsa akwai wata 'yar unguwa ta jikokin alhazan da suka tashi daga Nijeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka yada zango a can ba su koma ba. Yau Falasɗinawa ne, shingen da ake tare kowa shi ake tare su.

Saboda haka muna roƙonku, cikin girmamawa, ku mara wa ƙudirin da Sanata Jeff Merkley ya gabatar a Satumban 2025 baya, wanda ke neman shugaban ƙasa ya amince da ƙasar Falasɗinu marar rundunar yaƙi kusa da Isra'ila mai cikakken tsaro, wakilanmu kuma su kawo irinsa a Majalisar Wakilai. Yarjejeniyar tallafin soja za ta ƙare a 2028. Kada ku amince da sabuwa sai an rubuta a cikinta ƙarara cewa za a dakatar da faɗaɗa matsugunai, ba za a gina E1 ba, ba za a haɗe Gaɓar Yamma da Isra'ila ba. Kafin nan, ku kira jami'an Ma'aikatar Harkokin Waje a bainar jama'a su yi bayanin yadda ake aiki da dokar Leahy da sashe na 620I.

Ku mai da takunkumin da aka soke ya zama doka, yadda sa hannun mutum guda ba zai iya share shi ba, ku kuma toshe rangwamen haraji a kan kuɗin da ke tafiya matsugunai. Ku nemi bincike mai zaman kansa a kan kowane Ba'amurke da aka kashe a can, ko wane ne ya kashe shi. Ku matsa a sake buɗe ƙaramin ofishin jakadancin Ƙudus da ke hulɗa da Falasɗinawa, wanda aka rufe a 2019, da ofishinsu na Washington da aka rufe a 2018, ku kuma matsa wa Ramallah ta sa ranar zaɓe ta cika. Sannan ku rubuta a doka cewa ba za a ƙwace wa kowa biza ko izinin zama don ya faɗi ra'ayinsa cikin lumana ba.

Muna kuma gayyatar kowannenku ya zo Bronx ya zauna da mu. Zaure da tafinta a wuyanmu suke. Wanda bai samu zuwa ba, ya aiko mana da amsar tambayar dattijon nan a rubuce: a wane fili yake ganin za a kafa ƙasar Falasɗinu, kuma wace ƙuri'a ya kaɗa ko zai kaɗa don kare filin. Amsoshin da suka iso, da sunayen waɗanda ba su amsa ba, za mu karanta su da Hausa da Turanci a tarukanmu na unguwa kafin zaɓen fid da gwani na Yunin 2026.

Allah ya yi muku jagora, ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai cike takardun haraji a Bronx, a madadin 'yan uwansa Hausawa masu kaɗa ƙuri'a a New York